Ba Hannun Baba Ba Ne

A tashar manyan motoci ba wanda ke kiran Baba da wani suna sai Sarkin Kwana, saboda yadda yake shan kwana da tirela kamar mai zuba ruwa a kofi. Tun kafin a haifi ɗansa Dogo yake kan hanya, kuma har ranar da ciwo ya sauke shi bai taɓa goge wa motar kowa fenti ba, balle a ce ya faɗa rami. Yana da wata magana da duk wanda ya koyi tuƙi a hannunsa ya haddace: direban banza ne ke ɗora wa mota laifi.

Da safe ciwon ya same shi, yana sunkuye yana ɗaura igiyar takalmi. Ya taɓa masa ɓarin hagu. Ƙafar ta dawo da ɗan ja, amma hannun ya yi nauyi kamar na aro. Likita ta ce zai warware in ana motsa shi kullum, ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya juya ƙwallon, ya dube ta sama da ƙasa, ya miƙa wa matarsa, Inna.

"Ajiye wa jikokinki," in ji shi. "Ni na wuce wasan ƙwallo."

Ƙwallon ta ƙare a kwandon ƙyallaye, ƙarƙashin keken ɗinkin Inna. Hannun kuma ya zauna a kan cinya yana jiran ikon Allah.

Dogo, ɗansu namiji, mai walda ne a bakin titi. Ba shi da yawan magana. In abu ya dame shi, ƙarfe yake nema ya lanƙwasa. Shi ne ya je ya ɗauko kwamfutar da yayarsa ta ce mijinta ya gaji da ita: wani baƙin akwati, da allo, da sitiyarin wasa, da abin takawa mai totur da birki. A ciki akwai wasan tuƙin tirela. Ka ɗauki kaya a wannan gari ka kai wancan, da gada da kwana da ruwan sama da komai. Dogo ya haɗa wa sitiyarin ƙafafun ƙarfe don kada ya riƙa rawa, ya kafa komai a falo, tsakanin keken Inna da ƙofar ɗakin Baba, sannan ya yi kamar don kansa ya kawo.

"Motar da ba ta warin mai ai ba mota ba ce," in ji Baba da ya leƙo, ya koma ya kwanta.

Amma kunnen da ya saba da kukan inji ba ya jin sa ya zauna lafiya. Wata rana Dogo ya dawo daga aiki ya tarar da Baba a kan kujera, ya kama sitiyari da hannu biyu. Yatsun hagun sun naɗe a jikin robar, suna rawa, amma dai sun riƙe. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta mintsine shi a damtse.

"Yi shiru," ta raɗa masa. "Tsuntsu ya sauka, kada ka kore shi."

Daga nan abin ya zama aiki. Baba zai tashi ya yi wanka, ya sa hularsa ta tuƙi, ya ce wa Inna zai kai katako bakin teku, kada ta jira shi. A hankali hannun ya fara ɗaga kofin shayi.

Sai dai kwamfutar tsohuwa ce, tsufa kuwa ba ya ɓuya. In an kunna ta, Inna kan gama kalmasa ƙafar wando kafin ta farka. A buɗaɗɗiyar hanya tana tafiya lafiya lau, amma da an shigo gari motoci sun yi yawa, ko ruwa ya sauko, sai hoton ya riƙa tsayawa yana tsalle kamar mai shaƙuwa. Ka juya sitiyari yanzu, motar ta juya an jima.

Inna kuwa tata hidimar daban. Ba ta yarda da ƙura a ɗakin da take ɗinki, don haka kowace safiya sai ta zare wayoyin duka, ta ɗora akwatin a kan kujera, ta share ta goge, sannan ta mayar. Ranar farko ta rikita su, sai da aka kira Dogo daga wurin aiki. Ba ta sake yarda an kira kowa ba. Ta ɗaura wa kowace waya zare, ta ɗiga wa raminta man farce mai launin zaren. Ja na allo ne, kore na sitiyari, rawaya na lasifika.

"Ko ido rufe zan haɗa ta," takan ce, kuma ba cika baki ba ne.

Abin ya ɓaci ne ranar da Kawu Birki ya zo dubiya. Abokin Baba ne tun suna yaran mota, ana ce masa Birki don ƙafarsa ta fi sanin birki da totur. Ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

"An ce ka koma aiki," in ji Kawu Birki yana cire takalmi. "An ce yanzu a falo kake lodi."

"Zauna ka ga tuƙi, kunkuru. Ko a falon ne sai na riga ka isa."

Baba ya ɗauki kaya ya hau hanya, yana tuƙi yana ba da labari, har aka iso wata kwana a ƙofar gari, gefenta lambatu mai zurfi. Ga ruwa ya sauko, ga motoci. Dogo, da ke tsaye a baya, ya ga hannayen Baba sun juya daidai lokacin da ya kamata. Amma hoton ya daskare. Da ya dawo, tirelar na kwance a lambatu, tayoyi a sama, katako ya watse a titi.

Kawu Birki ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Sarkin Kwana a lambatu! Wayyo, ina 'yan tasha su zo su ga..." Sai ya dubi fuskar abokinsa, ya haɗiye sauran.

Baba ba allon yake kallo ba. Hannunsa na hagu yake kallo.

"Kaina ya ce juya," ya ce a hankali. "Hannun bai ji ba sai da aka makara."

"Baba, ba hannunka ba ne," in ji Dogo. "Injin ne ya tsaya. Da idona na gani."

"Me na koya maka game da mai ɗora wa mota laifi?"

Baba ya dafa bango ya shiga ɗaki, ya saki labule.

Bai sake zama a kujerar ba. Hular tuƙi ta koma kan ƙusa. Hannun ya koma kan cinya, yatsun suka fara dunƙulewa kamar da. Ranar da Inna ta ga ya koma karɓar shayi da dama, sai da ta fita baranda ta share ido. Dogo ya san ubansa, lallashi ba zai yi ba. Hanya ce ta gaya masa hannun ya mutu, kuma hanyar ce kaɗai za ta iya warware maganarta. Ya ɗaure akwatin a bayan babur ya nufi wurin Tabarau.

Tabarau abokinsa ne tun firamare, yana gyaran kwamfuta a wani ɗan shago ƙarƙashin bene. In yana aiki tabarau biyu yake sawa, ɗaya a kan ɗaya. Shagon cike yake da matattun kwamfutoci har rufi, ƙyauren kuma na katako ne da ɓarayi suka taɓa ɓallewa, ana ɗaure shi da sarƙar keke. Ya buɗe cikin akwatin ya hura, ƙura ta tashi ta sa su atishawa.

"Kai Dogo, wannan ai kakar kwamfutoci ce. Ka durƙusa ka gaishe ta kafin ka ɗauko ta?"

"Bar wasa. Za ta gyaru?"

"Ba lalacewa ta yi ba, iya ƙarfinta ke nan. Bari in yi maka da yaren 'yan walda, don na san kanka." Ya nuna da sukundireba. "Wannan faifan shi ne sitonka, inda ake ajiye kaya. Irin na da ne, mai juyawa. Kamar sito ne a ƙarshen layi, duk abin da kake so sai an je an ɗauko. Za mu sa na yanzu, wanda ba ya juyi, sito a bayan kujerarka. Wannan 'yar sandar kuma ita ce ram, wato bencin aikinka. Naka ɗan mitsitsi ne, in ka ɗora guduma sai ka sauke filaya. Za mu ƙara masa faɗi."

"To tsayawar hoton fa?"

"Yauwa, nan gizo ke saƙar. Kwamfutarka ba ta da mai zane na musamman. Ƙwaƙwalwar ce ke lissafi, ita ce kuma ke zana titi da ruwa da motoci. Kamar a ce kai ne mai walda, kai ne mai fenti, kai ne mai tarbar baƙi. Dole wani aikin ya jira. Katin hoto take so, wanda ba shi da sana'a sai zane." Ya jawo wani kati daga kan kanta, dogo mai fanka biyu, na hannu amma da sauran ƙarfinsa. "Shi kuma ci ne da shi. Akwatin wutar da ke ciki ba zai iya ciyar da shi ba, sai an canza."

"Wannan na gane," in ji Dogo. "Ƙaramin inji ba ya narka babbar sanda."

"Ka ji ɗan gari."

Dogo ya dubi kayan, sannan ya dubi ƙyauren da ke rataye da sarƙar keke. Tabarau ya bi idonsa. Suka dubi juna suka yi dariya.

"Yi mini na ƙarfe, mai sakata biyu, a bakin kuɗin kayan," in ji Tabarau.

"Har da fenti," in ji Dogo. Suka tafa.

Ya yi ƙyauren kamar na ɗakinsa, har tartsatsi ya yi masa zane a hannu. Ranar da ya kafa shi, ranar suka zauna kan kwamfutar. Aka juye komai daga tsohon faifai zuwa sabo. Sandunan ram suka shiga da ɗan ƙara, ƙas, ƙas. Aka sauya akwatin wuta. Sai kati ya ƙi shiga. Ya fi cikin akwatin tsawo da kamar faɗin yatsa biyu, hancinsa na tokarar wani kejin ƙarfe inda tsohon faifai ke zama.

"Shi ke nan," in ji Tabarau, ya cire tabarau ɗaya. "Sai an nemo wani akwatin."

"Kejin nan yana da sauran amfani?"

"A'a, sabon faifan ko'ina aka ɗaure shi zai zauna. Me kake... kai, kai, Dogo! Ba ƙofar gareji ba ce!"

Amma Dogo ya riga ya jawo jakar kayan aikinsa. Ya sa Tabarau ya kwashe kayan cikin tas, don ya san garin ƙarfe ba ya shiri da wuta. Ya fita da ƙwaryar akwatin bakin titi, ya ja layi da alli, ya tada injin yanka. Tabarau ya tsaya a bakin sabon ƙyaurensa ya toshe kunne ɗaya, yana ɗaga murya yana faɗar wani abu, yana nuna bayan akwatin. Dogo ya ga bakinsa na motsi, ya ɗaga masa kai kamar yadda yake yi wa kowa in inji na kuka. Ko kalma ɗaya bai ji ba.

Ya goge bakin yankan har ya yi santsi. Tunda inji na hannu, ya yanka wa murfin gefe taga ya sa mata raga don iska. Ya kakkaɓe ya goge, aka mayar da kaya, kati ya zauna daram. Tabarau ya haɗa ta da allon shagonsa ya kunna. Kafin Dogo ya gyara zama ta farka. Tabarau ya shiga wasan, ya ƙure kyan hoton har ƙarshe, ya kai motar waccan kwanar cikin ruwa. Ɗigon ruwa na gangarowa a gilashi ɗaya bayan ɗaya, fitilun motoci na sheƙi a kwalta, ba tsayawa ba tsalle. Dogo ya kai tafin hannunsa jikin ragar. Fankokin katin na juyi, iska mai ɗumi na fitowa kamar numfashi.

Da la'asar ya iso gida, ya ajiye akwatin a falo. Sai ya yi tunani, a gaban Kawu Birki aka faɗi, a gabansa ya kamata a tashi.

"Inna, bari in ɗauko Kawu."

"Je ka," in ji ta, ta ajiye almakashi. "Kafin ka dawo na haɗa ta."

Ya dawo da Kawu Birki a bayan babur ya tarar da komai a haɗe tsaf. Ya shiga ɗaki ya durƙusa a bakin gado.

"Baba, sau ɗaya kawai. In ta sake yi, ni da kaina zan fitar da ita daga gidan nan."

Baba ya daɗe yana kallon tabon ƙuna a hannun ɗansa. "Saboda wahalar da ka sha," in ji shi, ya yunƙura.

Aka kunna, ta farka nan take.

"Ikon Allah!" in ji Inna. "Yau ba ta jira wandona ba."

Amma tun da Baba ya fito da motar daga gareji Dogo ya ga akwai matsala. Hoton ya fi kyau, sai dai ya fi nauyi, yana ja kamar mai tafiya a laka. Aka iso kwanar, ruwa ya sauko, hoton ya daskare fiye da na wancan karon. Da ya dawo, tirelar na cikin lambatu.

Ba wanda ya yi dariya.

"Ka sa mata sabon inji, ka sa mata sabuwar taya," in ji Baba, muryarsa a kwance. "Direban ne ba a canza ba." Ya dafa kafaɗar Dogo da hannun dama. "Allah ya yi maka albarka. Fitar da ita."

Labule ya sake sauka. Kawu Birki ya shiga neman takalminsa, ba ya kallon kowa. Dogo ya durƙusa zai zare wayoyi, alkawari kaya ne. Sai bayan hannunsa ya gogi ragar. Sanyi ƙalau. Ya tsaya. Wasan na nan a allo, ruwa na ta zuba a kan tirelar da ke kwance, amma fankokin katin ko motsi ba sa yi. Shi kuwa abu ɗaya ya sani a duniya: ƙarfen da ke aiki zafi yake yi.

"Kawu, dakata. Kada ka tafi."

Ya kira Tabarau. "Katinka barci yake yi. Sanyi ƙalau."

"Wayar allon, a wane rami take?"

Dogo ya leƙa. "Inda take kullum. Na sama."

"Na sama! Ba na gaya maka ba? Ina ta ihu kana ɗaga mini kai kamar ƙadangare! Na saman na tsohuwar ƙwaƙwalwa ne. Katin yana da nasa ramin a ƙasa, a kwance. Ka ɗauko mai fenti ka zaunar da shi, ka bar mai walda da buroshi! Ga shi na ƙure mata hoton, ai dole ta shaƙe!"

Inna, da ke jin komai, ta riƙe ƙugu. "Ja a kan ja na sa. Ban taɓa kuskure ba."

"Ba ki yi kuskure ba, Inna. Ramin ne ya yi ƙaura."

"To wa ya gaya mini ya yi ƙaura?"

"Ni aka gaya wa. Ban ji ba."

Ya kashe ta, ya sauko da wayar mai jan zare zuwa ramin ƙasa, ya kunna. Da wasan ya buɗe, fankokin suka tashi. Ya ɗan taɓa sitiyari, motar ta amsa kafin ya ɗauke hannu. Ya je bakin labule.

"Baba, an gano. Waya ce aka sa ba daidai ba."

"Jiya inji, yau waya," in ji muryar daga ciki. "Gobe kuma iska ce. Dogo, ka bar ni in huta."

Dogo ya tsaya da hannu a sake, ga mota lafiyayya ga direba ya ƙi fitowa. Sai Inna ta cire tef ɗin awo daga wuyanta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna a kujerar tuƙi.

"Ni na ɓata, ni zan gyara," in ji ta. "Malam Birki, wanne ne na tafiya?"

"Na dama. Amma Innar Dogo, kin taɓa..."

"Dogo, ƙara mini muryar lasifikar nan."

Ƙafar Inna abu ɗaya ta sani, keken ɗinki. Ta ɗora ta a kan totur ta shiga yi masa yadda ta saba, taka, saki, taka, saki. Injin ya yi gurnani ya yi shiru, ya yi gurnani ya yi shiru. Tirelar ta riƙa zabura kamar akuyar da aka ɗaure. Ta kwashe shingen wani gida, ta goge wata farar mota tun daga hanci har wutsiya. Kawu Birki ya dubi labule, ya dubi Inna, sai ya gane. Ya ɗaga murya.

"Haka ne! Haka ake tuƙi! Wallahi kin fi mai gidan!"

Aka ji tari daga ɗaki. Inna ta ƙara wa ƙafarta sauri.

"Wa ke kashe injin nan?" in ji Baba daga ciki.

Inna ta ci gaba da takawa.

"Na ce wa ke taka totur kamar keken ɗinki?"

"Ni ce," in ji Inna, ba ta waiwaya ba. "Katako zan kai bakin teku, tunda direban ya ajiye aiki."

Labulen ya motsa. Baba ya fito yana jan ƙafa, ya tsaya a bayanta, fuska a murtuke.

"Ɗaga ƙafarki. A hankali, ba kalmasa kike yi ba. Ki dubi madubi, ke! Ga mutane a gabanki! Hagu! Hagu na ce!"

Inna ta fizgi sitiyari da ƙarfinta duka, tirelar ta fizgu nan take har ta kusa kifewa. Baba ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rufe. Ya matso.

"Taka birki. Tsaya."

Ta tsaya. Ya miƙa hannun dama ta saman kafaɗarta ya ɗan kaɗa sitiyarin, hagu, dama. Sitiyarin da ke cikin allo ya bi shi kamar a madubi. Ya sake yi da sauri, ya bi shi da sauri. Sannan a hankali, kamar mai ɗaga bokitin ruwa, ya ɗago hannun hagu ya ɗora. Yatsun suka buɗe da ƙyar, suka kama. Ya ja. Na cikin allon ya juya tare da shi, ba gaba ba baya.

Dogo ya matso kusa da allon.

"Tashi," in ji Baba. "Tashi ki ba ni wuri kafin ki ƙarar da mutanen garin nan. Dogo, hulata."

Ya zauna, ya sa hula, ya hau hanya. Ƙafarsa ta kwanta a kan totur, kukan injin ya daidaita, ya zama dogon zare ɗaya. Aka wuce gada, aka wuce gonaki, sama ta haɗa. Da alamar gari ta bayyana ruwa ya sauko, motoci suka cika titi, ga kwanar can tana jira da lambatunta. Baba ya rage gudu tun daga nesa. Ya buɗe wa kan motar fili, ya dubi madubi, ya fara naɗe sitiyari. Dama ta tura, hagu ta karɓa. Hannun na rawa har gwiwa, jijiyoyi sun fito, amma bai saki ba. Kan motar ya shige, bodin ya biyo, tayar ƙarshe ta bi bakin lambatun ta wuce, tsakaninsu bai fi kaurin allura ba.

"Ya sha ta!" Kawu Birki ya daka tsalle. "Wallahi ya sha ta!"

"Zauna, kunkuru, ba a iso ba."

A wurin sauke kaya wasan ya ba shi zaɓi, ko ya ajiye a fili, ko ya shiga da baya tsakanin wasu tireloli biyu, wurin da kamar ba zai ci keke ba. Baba ko kallon filin bai yi ba. Ya sa ribas. Kawu Birki, da furfurarsa da komai, ya zagaya bayan kujera ya koma yaron mota, yana buga gefen teburin keken Inna.

"Zo! Zo! Yanke hagu! Ƙara! Miƙe! Zo, zo, zo... Ya isa!" Ya maka wa teburin duka har kwandon ƙyallaye ya kife, 'yar ƙwallon roba ta gangaro tsakar falo.

Tirelar ta zauna tsakanin 'yan'uwanta kamar an gwada da tef. Baba ya kashe inji. Gumi ya jiƙa bakin hularsa. Ya ɗago hannun hagu ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, yana kallonsa kamar baƙon da ya dawo daga doguwar tafiya.

"To, Baba," in ji Dogo a hankali, "laifin wa?"

Baba ya yi gyaran murya. "Maganata tana nan yadda take." Ya dubi sitiyarin. "Amma wannan karon... motar ce."

"Jama'a ku zama shaida!" in ji Kawu Birki. "Yau Sarkin Kwana ya ɗora wa mota laifi! Gobe da sassafe ina tasha!"

"In ka tashi da sassafe ai sai la'asar ka isa."

Dariya ta kama su duka, har Baba, wanda rabon da a ji tasa an daɗe. Inna ta kawo shayi ta miƙa masa ta ɓangaren hagu, kamar ba da gangan ba. Ya karɓa, kofin ya ɗan yi rawa, bai zube ba. Ita kuma ta ɗauko kwalbar man farcenta ta durƙusa a bayan akwatin, ta kankare tsohon ɗigon da bakin almakashi, ta ɗiga sabo a ramin ƙasa.

"In ya sake ƙaura a gaya mini," in ji ta.

Baba ya kurɓi shayi, ya nuna gefen kujerarsa. "Dogo, motar nan ba ta da giyar hannu. Ina son ta a nan, ta hagu, mai ɗan tauri yadda sai an ja. Za ka iya?"

"In Tabarau ya samo kan, ƙafar tawa ce. Shagonsa na da taga da ke son ƙarfe."

"To madalla." Ya ajiye kofin, ya gyara hula, ya kama sitiyari. "Birki, jawo kujera ka hau, akwai siminti da za a kai kan dutse. Amma ka naɗe ƙafarka, kada ka taka mini komai."